Harsashin Zabo a Jikin Barewa

Jiya a unguwar Al-Suwaidi na ji ɗan kafil ɗina, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki, yana cinikin harsashin farauta, sai na tuna da marigayi kawuna, maharbi. Yakan ce, "Kowace dabba da harsashinta."

Ina saurayi na yi masa kunnen ƙashi, na harbi barewa da ƙananan harsasan zabo. Ta faɗi tana shure-shure, jini na kumfa a hancinta. Na zaro wuƙa, Kawu ya riƙe hannuna.

"Tsaya ka kalli aikinka tukuna, sarkin baka."

Sai da na yi amai ya sake ni na yanka ta.

Allah ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Ya ba ni sauƙin fitar rai, wanda na hana barewar nan.