Ranar da Na Ƙirga Iyayena a Layi Biyu

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga kaina ba. Zaɓen ƙananan hukumomi ne, watanni kaɗan kafin a raba jihar Gongola. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Digil, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma ina ganin babu abin da ban sani ba.

An tara mu malamai a Mubi aka koya mana aikin zaɓe. Wani jami'i da ya zo daga Yola ya ce an kawo gyara: babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. Za a kafa hoton kowane ɗan takara, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga su a gaban kowa. Ya ce, "Matacce dai ba zai taso ya shiga layi ba." Muka yi dariya, muka tafa. Ni kam har zuciyata na yarda, domin na ga yadda aka yi da akwatuna a zaɓen farar hula na baya. Ya kuma ce jam'iyyu biyu ne kawai, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Wannan ban gane ba, amma na rubuta a littafina, na je na maimaita wa mutane kamar na gane.

Mutum biyu ne ke neman kansila a mazaɓarmu. Na farko tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Maganarsa guda ce: takin zamani. A lokacin idan takin gwamnati ya zo, hannun manya yake shiga, sai ka gan shi a kasuwar Mubi ya fi ƙarfinka. Shi ya ce za a rubuta sunan duk mai riƙe da fartanya, mace ko namiji, mai gonar kansa ko mai aro, a raba a fili. Na biyun kuwa ɗa ne ga dattijon da ya mallaki fadamar bakin mayo, wato kogi. Kusan rabin ƙauyen a fadamar nan suke noman rani, albasa da tumatir da rake, kuma duk aro ne. Babana ma a ciki yake. Da albasar fadamar nan aka yi mini karatu.

Na bi gida gida ina bayanin sabon tsari. A wani gida na tarar da wata bazawara, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da ɗan yanki a fadamar. Tana tsinkar yakuwa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, hagun nan da kake faɗi, hagunka ne ko hagun namu? Don in ka fuskance mu, ai ya juya."

Na ce, "Ba hagun hannu ba ne, Mama, na ra'ayi ne."

"To shi mai fadama zai zo wurin?"

"Kowa zai zo."

"Zai gan ni kenan."

Na ce mata ai amfanin abin kenan, kowa ya ga kowa, babu mai satar ƙuri'a. Ta dube ni ta ci gaba da tsinkar yakuwarta. Sai bayan shekaru na fahimci tambayarta ta fi duk abin da ke cikin littafina nauyi.

A gida kuwa babana ya ƙi yi mini maganar zaɓe sam. Na sha ganin shi da mamata suna ƙus-ƙus a bayan rumbu, in na matso sai su koma zancen akuya.

Ranar zaɓe aka manna hotunan a jikin itatuwa biyu a filin makarantarmu. Tun da hantsi dattijon nan ya iso, aka ajiye masa kujera a inuwar da ke tsakiyar itatuwan. Bai yi wa kowa barazana ba, gaskiya. Duk wanda ya zo sai ya gaishe shi da sunansa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi yadda albasa ta yi. Shi ke nan.

Aka tantance mutane, aka ce a shiga layi. Babu wanda ya motsa. Jama'a cike da fili, kowa yana kallon ƙafarsa. Ɗan sandan da aka ba mu ya busa usur har sau biyu. Can sai na ga babana ya gyara hularsa, ya taka a hankali ya tsaya a bayan hoton ɗan mai fadama. Mutumin da tun ina yaro nake jin yana kukan taki! Ban gama mamaki ba sai mamata ta ɗaure zaninta ta wuce ɗaya itacen, ta tsaya a bayan hoton malamin gona, ko kallon babana ba ta yi ba.

Daga nan abin ya ɓarke. Maza suka bi babana, mata suka bi mamata. Miji nan, mata can. Na tsaya da biro a hannu ina tunanin ko faɗa ne ya shiga gidajen ƙauyen gaba ɗaya ban sani ba. Abokin aikina ya raɗa mini, "Kai, ko ka gaya musu layin maza daban, na mata daban ne?" Na rantse masa ban faɗa ba. Muka sake yin shela cewa kowa ya bi wanda yake so. Wata tsohuwa ta ce, "Mun ji, Malam, ku ƙirga kawai rana tana zafi."

Ita bazawarar ce ta ƙarshe. Ta daɗe a tsaye a tsakiya, dab da kujerar dattijon. Ya ce mata, "Sannu, yaya yara?" Ta durƙusa ta amsa, ta miƙe, ta dubi layin maza, ta dubi na mata. Sai ta je ta tsaya a bayan mamata.

Na bi layi ina dafa kafaɗa ina ƙirgawa da ƙarfi. Da na zo kan babana bai ɗago ba. Na ƙirga sau biyu don in tabbatar. Mata sun fi yawa, don samari da dama sun tafi cirani. Malamin gona ya ci rumfarmu, da aka haɗa da sauran rumfuna kuma ya ci kujerar.

Da yamma na tare babana na ce, "Baba, me kuka yi haka?"

Ya ce, "Mun zaɓi malamin gona."

"Ai a ɗaya layin ka tsaya!"

"Ni na tsare gona, uwarka ta yi zaɓe. Kana so mu samu taki mu rasa inda za mu zuba?"

Ashe sun shirya abin ne tun makonni, gida gida, a coci da masallaci da bakin rijiya, ni mai wayar da kai ban sani ba. Na rasa ko in yi murna ko in ji kunya. A rahotona na rubuta cewa zaɓe ya gudana cikin 'yanci, na daɗe ina kallon kalmar kafin in sa hannu.

Bayan kwana biyu dattijon ya kira babana ya ce, "Ashe ba ka iya da gidanka?" Babana ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ka gan ni. Matan zamani sai haƙuri." Haka kowane magidanci ya faɗa, kuma dattijon ba zai kori rabin ƙauye ba. Amma ita bazawarar ba ta da wanda zai ce "ka gan ni". Da aka cire albasa sai aka aika mata cewa ana bukatar yankinta, za a ba wani ɗan'uwa. Babu faɗa, babu zagi. Ƙasarsa ce.

Malamin gona ya cika alkawari. Kafin damina aka kawo taki filin makarantar nan, aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, har da nata. Ni na taya ta ɗora buhun a kai. Ta ce, "Na gode, Malam. Yanzu sai ka nuna mini inda zan zuba."

Na je wurin kansilan, ya ce taki ne a hannunsa, ƙasa ba ta hannunsa. Na je wurin babana, ya yanka mata ɗan gefe a gonarmu ta tudu, amma tudu ba ya noman rani. Shekara ba ta zagayo ba ta kwashe yaranta ta koma wurin 'yan'uwanta a Maiha. Ban sake ganinta ba.

Har yau in aka tambaye ni ko gyaran nan ya yi amfani, ba ni da amsa guda. Ba a saci ƙuri'a ko ɗaya ba, ni shaida ne. Wanda talakawa ke so shi ya ci, taki ya kai hannun waɗanda ba su taɓa samu ba. Amma maza sun yi ƙarya da ƙafafunsu kafin hakan ta yiwu, kuma wadda ta fi kowa rauni ita ta biya.

Abin da na koya shi ne, ba a ba mutum 'yancin zaɓe a bar abincinsa a hannun wanda ke kallonsa. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da sabon tsari, komai kyansa a takarda, sai na tambaye shi: wanda ba shi da kowa a bayansa, me zai same shi washegari? In ya kasa amsawa, nakan ce ya zauna tukuna, domin ni ma na taɓa kasawa, kuma wata ce ta rasa gonarta, ba ni ba.