Tarihin Adarob Hamad, Mai Kula da Kifin Mallas

Haihuwa da Karatu

An haifi Adarob a garin Sawakin da ke bakin teku a ƙasar Sudan a shekarar 1939. Mahaifinsa Hamad Okeir masunci ne, mahaifiyarsa kuwa Sittana 'yar Tahir. Adarob ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma tun a lokacin aka san shi da rashin yarda da mutane, domin ko malaminsa ne ya ce rana ta faɗi, sai ya leƙa waje ya tabbatar.

Aiki da Aure

A shekarar 1962 wata tashar binciken halittun ruwa a Bur Sudan ta ɗauke shi aikin kula da tankunan gilashi, inda aka damƙa masa amanar mallas, ɗan kifin nan da ke zaune cikin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku yana fasa ƙananan kaguwa. Namijinsa kore ne shar mai zanen ja a fuska, yana tafe da mata biyar ko shida waɗanda launinsu bai kai nasa ba. A 1965 ya auri Madina, ƙanwar Ohaj, mai ninƙayar da ke kamo wa tashar kifi.

Rikicin 1974

A watan Rajab na wannan shekara namijin da ke babban tanki ya mutu, aka bar mata biyar. Adarob ya tafi Sawakin jinyar mahaifinsa, ya bar mabuɗi a hannun Ohaj. Da ya dawo bayan mako shida, sai ya tarar da mata huɗu da wani namiji yana ta fankama a cikinsu, babbar macen kuwa babu ita.

"Wa ka sayar wa ita, ka sako min wannan ɗan gayun?" in ji Adarob.

"Haba mijin ƙanwata! Ita ce fa wannan. A gabana ta rikiɗe."

"To, gobe kai ma sai ka rikiɗe ka zama gwaggona."

Ohaj ya dafa Alƙur'ani a gaban dattawan dangi ya rantse, amma Adarob ya ƙi karɓar rantsuwar, abin da ba a yi wa mutum mai mutunci. Aka sallami Ohaj da sunan ɓarawo, aka kuma hana Madina taka gidan yayanta. Wannan hukunci zalunci ne, kuma ta sha kuka a kansa.

Shekarun Baya

A 1993 'yarsa Amna, wadda ta karanta ilimin halittu a jami'a, ta shaida masa cewa idan namijin mallas ya mutu, babbar macen ce ke komawa namiji ta gaji matsayinsa.

"Kawunki ne ya aiko ki?" ya tambaye ta.

"Baba, ka gwada mana. Ai idonka ka fi yarda da shi."

Adarob ya ware matan kifin huɗu a tanki guda, ya sa kwaɗo biyu, ya rataye mabuɗan a wuya, ko wanka ba ya cire su. Kullum yana zaune gaban gilashi, har ya ga kore yana cin jikin babbar, jan zane yana fitowa a fuskarta. Ya ƙara wata uku yana neman inda aka yaudare shi, bai samu ba. Daga nan ya nufi gidan Ohaj, wanda tsufa da talauci suka riga suka durƙusar, ya nemi gafara. Ko gahawar da ake tarbar baƙo da ita ba a dafa masa ba.

"Na rantse maka da Littafin Allah ka ƙi," in ji Ohaj. "Yau kifi ya yi magana, ka yarda. Je ka nemi gafararsa."

Rasuwa

Allah ya yi wa Adarob rasuwa ranar Talata, bakwai ga Shawwal, a shekarar 1996, aka binne shi a Sawakin kusa da mahaifinsa. Ohaj ya tsaya a sahun ƙarshe, kuma da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, ba a ji muryar Ohaj ba. Adarob ya bar 'ya'ya huɗu: Tahir, Onur, Amna da Nafisa, da matarsa Madina, wadda ranar da ta fita takaba ta ɗaure kayanta ta koma gidan yayanta.