Zanen da na shanya a kan katanga

Da na ji a rediyo an ce an rufe gidajen da matan Afghanistan suke fakewa idan duka ya yi yawa, sai na ajiye tsintsiya na zauna. Ban san ƙasar ba, amma irin gidan na san shi.

Sau uku na yi yaji daga gidan mijina a garin Ngong zuwa gidanmu, sau uku aka zo biko, aka ce in yi haƙuri. A na huɗu, da kunnena na hagu ya daina ji, ban nufi gida ba. Wata mai sayar da gyaɗa a tasha ta kwatanta mini gidan wata Hajiya a Garwa, wadda tun rasuwar mijinta ta bar wa irinmu ɗakuna uku.

Dokar gidan ɗaya ce: kayan da kika zo da su a akwati za su zauna, don kada a gane ki da su. Hajiya ta ba ni zanen da ake bugawa don bikin ranar mata, wanda rabin matan Garwa suke ɗaurawa. Amma ni mai waswasi ce. Na yi ta tunanin zanen da na zo da shi yana ƙunshe da jini, ƙazanta a ɗakin da muke salla. Rana ta uku na wanke shi, na shanya a kan katanga yadda na saba, ban tuna bayanta titi ne ba.

Kafin la'asar muka ji moto, wato babur, ya tsaya, aka yi sallama. Muryar wan mijina ce, wanda shi ya sayo atamfar zanen da hannunsa lokacin aurenmu. Ya hango zanen a kan katanga, ya gane shi.

Hajiya ta jawo zanen, ta dube ni. "'Yata, ce kin ba ni."

"Hajiya, idan ya sa ki rantsuwa fa? Alhakin a kaina..."

"Shi ya sa na ce ki ba ni. Yi sauri, ba ciniki za mu yi ba."

"Na ba ki."

"Duniya da lahira?"

"Duniya da lahira."

Ta ɗaura shi da danshinsa a kan nata, ta fita zaure. Na manna kunnena mai ji a jikin ƙofa, na jiyo muryarta.

"Zanen wa? Wallahi zanena ne. Ɗan nan, kai ba ka da aiki sai leƙen shanyar tsofaffi? In aurena ka zo nema, turo manyanka."

Masu shayi a bakin titi suka kwashe da dariya. Ya yi ƙunƙuni da Fulatanci, ya tayar da moto. Bai sake dawowa ba.

Na yi kwanaki ina tambayar kaina ko wannan kyauta ta halatta, tunda tsoro ne ya sa na yi ta. Da na gaya wa Hajiya, sai ta ce, "To yanzu da ba tsoro, kina son abinki?" Na ce a'a. Ta ce, "Shi ke nan, ta halatta. Je ki tsince shinkafa."

Wata huɗu na yi a gidan. Ita ta raka ni asibiti, ita ta zauna kusa da ni gaban alƙali har takardar saki ta shiga hannuna. Ranar na riƙe hannunta har muka iso gida. Allah ya kai haske kabarinta.