Bakin Malam Badaru

Malam Badaru ya koyi ɗaukar hoto mai motsi a Kano tun kyamara tana kurma. Tana gani, ba ta ji, don haka mai ɗauka ya faɗi abin da ya ga dama. Shi kuwa Badaru Allah ya ba shi baki. Yana ɗauka yana ba da umarni: "Matso nan! Ɗaga kai! Alhaji, rufe baki kada ƙuda ya shiga!" In an haska a majigi sai a ga mutane suna ta dariya, ba wanda ya san dalili.

Da bidiyo mai ɗaukar murya ya zo, hannunsa ya saba nan da nan, amma bakin ya ƙi. Ana tsakiyar kuka a wasa, sai a ji Badaru daga baya yana cewa a gyara ɗankwali. Masu shirya fim suka yi haƙuri har suka gaji, aka daina kiransa.

Yanzu yana zaune a unguwar Al Nahda wajen 'yarsa Wasila, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗauko shi zuwa Dubai bayan rasuwar matarsa Mahfuza. Da hantsi yakan hau bas zuwa kasuwar Al Sabkha, ya ɗaukar wa 'yan kasuwar Kano bidiyon kaya da waya, su tura wa masu saye a gida. Takalma da turare dai ba su taɓa ƙorafin surutunsa ba.

Abu ɗaya ke cinsa a rai: ya fara manta muryar Mahfuza. Fuskarta na nan, amma in ya rufe ido don ya ji ta, sai shiru. Wannan ya tsorata shi ƙwarai. Sai ya tuna da wani tsohon kaset a akwatinsa, na ranar da ya fara gwada sabuwar kyamara mai ɗaukar murya a gida. Wasila ta kai shi wani shago a unguwar Deira aka juye shi a faifai.

Bayan sallar Juma'a suka kunna. Ga Mahfuza a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni fa…"

"Yi shiru! Kalli nan, kada ki motsa, hasken ya yi kyau," in ji wata murya daga bayan kyamara.

Ta rufe baki da gefen mayafi tana murmushi, ta yi shirun. Har kaset ya ƙare, muryar Badaru ce kaɗai, yana ta yabon haske.

Wasila ta share hawaye. "Baba, in mayar baya?"

"Mayar, 'yar nan."

Mahfuza ta sake ɗago kai. Malam Badaru ya matsa kusa da talabijin, ya ce wa mai kyamarar, "Don Allah, bar ta ta ƙarasa."