Nata'ala da Jar Motarsa

A Ƙofar Na'isa, idan aka ce Nata'ala direba, dattawan unguwa duk sun san shi. Kakanninsa Barebari ne da suka zo Kano da karatu da fatauci, suka zauna. Mahaifinsa malamin soro ne, yayyensa kuma 'yan kasuwa, shi kuwa auta sai Allah ya jarrabe shi da son mota. Tun yana saurayi ya shiga cikin direbobin da ke zuwa Kwatano su koro wa dillalai motocin Beljiyom. Hannunsa yana da kyau a sitiyari, sai dai ƙafarsa tana da nauyi a kan totur, kuma yana jin daɗi a faɗa.

Mahaifiyarsa sunanta Hassana, amma kowa 'Yardada yake ce mata. 'Yar biyu ce. Husainarta aure ya mayar da ita wajen dangi a Maiduguri tun suna 'yanmata, kuma rabon da su ga juna tun zaman makokin mahaifin Nata'ala. Sai dai aike. Husaina ta aiko da itacen turare da humra, 'Yardada ta haɗa turaren wutarta na sayarwa, ita kuma ta mayar mata da zane rinin Ƙofar Mata. Duk sanda Nata'ala ya dawo daga tafiya ya tsugunna gaida ta, sai ya ce, "Inna, ranar da na yi motar kaina, ni zan kai ki har ƙofar gidan Inna Husaina."

"Allah ya nuna mana, Auta," in ji ta.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ya gamu da motar. Tana can kurya a filin motoci na Kwatano, ja, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kujera biyu ce kawai, a baya babu komai sai ƙarafan da aka giggitta. Mai filin ya ce a Turai a filin tsere take gudu, kuma ta daɗe a nan ba wanda ya taya. Da aka tayar da ita, Nata'ala ya ji ƙarar har cikin ƙirjinsa.

Abokin tafiyarsa Tanko ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Wannan ba ta titin mutane ba ce. Ina za ka bi da ita a cikin Birni?"

"Haba Tanko, farar hula sun dawo. Kafin baɗi duk titunan nan sun zama kamar faranti."

Ya zuba duk abin da ya tara ya saye ta.

Tun ranar farko ta nuna halinta. Gadar kwatar da ke bakin lungunsu ta kankare mata ciki, dole ya riƙa ajiye ta a bakin titi a gindin darbejiya. In ya shiga cunkoson Kwari sai ta ɗau zafi, shi ma ya jiƙe sharkaf. Buhun shinkafa ba shi da wurin zama. Matarsa ta shiga sau ɗaya, za su biki Gwale, ta ce haƙoranta har haɗuwa suke yi, ta dawo a tasi. Amma da sassafe, in ya hau titin Zariya kafin manyan motoci su fito, ya sakar mata giya, sai ya manta da duk wannan. Yakan ce bai taɓa jin kansa cikakken mutum ba sai a wannan ɗan tsakanin.

'Yardada ta dogara sandarta ta fito bakin titi don ta sa albarka. Ta dubi motar, ta dubi ɗanta, dariya ta kama ta.

"Auta, wannan mota ce ko tabarma? In na zauna a nan, wa zai tashe ni?"

"Zan canza ta, Inna. Ɗan ɗanawa kawai zan yi."

Ya yi niyyar canzawar da gaske. Sai dai sababbin 'yan siyasa manyan motoci masu tudu suke nema, kuma duk sanda mai saye ya duba ya girgiza kai ya tafi, Nata'ala yakan ji wani sanyi a ransa. Haka watanni suka wuce.

Ana tsakiyar damina aka bugo waya gidan maƙwabcinsu Alhaji Ɗanladi, wai jikin Husaina ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta 'yar'uwarta. 'Yardada ta ɗaure ƙunshinta a take, ta ce a kai ta tasha da asuba. Tanko ya ce ga tsohuwar motarsa wagon, a ɗauka. Nata'ala ya ƙi.

"Motar tasha sai ta cika, taka kuma rarrafe take yi. Ni kafin azahar mun isa. Inna, alkawari na yi miki."

Ta dube shi, sannan ta ce, "To, Auta."

Sai da shi da yayansa suka rirriƙe ta kafin ta iya zama, gwiwoyinta sun kusa taɓa ƙirjinta, ƙunshin a kan cinya. Har Wudil tafiya ta yi kyau. Daga nan ruwa ya ci titi, ramuka cike da ruwa, ba a sanin zurfinsu. Motar ba ta da sassauci ko kaɗan, kowane rami sai ya shiga bayan tsohuwar kai tsaye. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ya ji salatinta ya katse, ta ja numfashi, ta ci gaba. Dole ya rage gudu yana kauce-kauce. Motocin hayar da ya raina suka riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, suna watsa musu ruwa.

Sun wuce Potiskum da kaɗan, rana ta karkata, ƙasan motar ya daki wani abu a cikin ruwa. Injin ya yi wani kuka ya ɗauke. Da ya fito, baƙin mai yana malala a kan kwalta. Bakaniken ƙauyen da ke kusa ya zo ya leƙa, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan injin ba. Nata'ala ya shimfiɗa wa mahaifiyarsa rigarsa a gindin kuka, ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu. Duk motar da ta zo a cike take. Sai dab da magariba wata ta ɗauke su, ita kuma a Damaturu ta kwana.

Washegari da hantsi suka isa unguwar su Husaina a Maiduguri. Tun daga nesa suka ga tabarmi a ƙofar gida, ga maza suna dawowa, ana jingine makara a bango. 'Yardada ta tsaya cak, ta saki sandarta.

Husaina ta cika tun bayan isha'i. 'Yarta ce ta gaya musu, tana kuka. "Tun azahar ta ce a juya ta ta fuskanci ƙofa. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, Hassana ce?"

Nata'ala ya san lissafin hanyar nan fiye da kowa. Da motar tasha suka bi, da la'asar a gidan za ta yi musu. Ya shiga ɗakin da aka zaunar da mahaifiyarsa, ya zube a gabanta.

Ta dafa kansa. "Tashi, Auta. Allah bai yi za mu gana ba. Tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba, je ka su ba ka kunu."

Daga baya ya gaya wa Tanko cewa da ta zage shi, ko ta juya masa baya, da ya fi samun sauƙi.

Bayan addu'ar bakwai suka dawo Kano a motar haya. Bayan 'Yardada bai ƙara miƙewa ba, ta daina haɗa turare, ta rage magana. Ba ta taɓa ambaton tafiyar ba. Kafin Babbar Sallah ita ma ta rasu.

Motar kuwa bai koma ta kanta ba. Da mai garin ƙauyen ya gaji da aike, Tanko ne ya je ya ɗoro ta a kan babbar mota, aka farfasa ta a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa. Nata'ala ya bar zuwa Kwatano, ya zauna a rumfar yayansa a Kurmi yana sayar da huluna. Da 'ya'yansa suka girma, shi ya ɗauki zumuncin gidan Husaina a kansa. Biki ko rasuwa, shi ne farkon zuwa, kullum a motar tasha. Waɗanda suka yi tafiya da shi sun ce yana hira lafiya lau har Potiskum. In an wuce garin sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ba ya ɗagowa sai an shiga Damaturu.