Ba Mai Cire Bututun Nan Daga Gonata

"Tashi daga kan bututun nan, Sale!" in ji Kawu Iliya, maƙwabcina a fadamar Gazara, riƙe da diga.

Na ƙara gyara zama a kan bututun.

Wata Dakta mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ce ta kafa shi a gonata bara, tana auna zurfin ruwan ƙasa da shi. Yanzu da rijiyoyi suka ja baya, mutane na cewa wai bututunta ne ke zuƙe ruwan yana kaiwa Zariya, inda ta fito.

Na ce, "Haba Kawu, bututun da ko inji babu? Ita ce fa ta ce rijiyoyinmu duk kwano ɗaya suke sha, mu riƙa tayar da inji bi da bi. Kuka yi dariya, kowa ya ƙara rake."

"To kai me ka tsinta?"

Na nuna masa albasata, kore shar. Tun da ta ce ruwan ba zai kai ƙarshen rani ba na haƙura da rake.

Ya saɓa digarsa ya wuce. Ni dai ina nan, mai son cire bututun ya fara cire ni.

Jama'a, don Allah, wanda ya ce maka ruwa na ƙarewa, shi ya shanye?