Ƙofar da Ta Kalli Gabas

Ranar Asabar na shiga wani kantin kayan gini a Wendover Avenue, nan Amurka, neman ƙwan fitila, sai ƙamshin sabon katako ya tare ni. Wallahi sai da na tsaya cak. Hanci ba ya neman izini.

Ina 'yar shekara tara Turawan coci suka zo ƙauyenmu daga Amurka, maza da mata, don su gina mana ɗakin haihuwa. Mu Musulmi ne, amma ba wanda ya tsaya tambayar wannan. Tsakaninmu da asibiti akwai rafi, in damina ta sauka ko jaki ba ya ƙetarawa. Inna ta riga ta rasa jarirai biyu a bakin rafin nan, ga shi tana da cikin wata bakwai. Bazara ce, baƙin kuma mako uku kawai za su yi.

Mun sha dariyarsu, Allah Ya yafe mana. Rana ta mai da su jajawur, in an ce musu sannu da aiki su ma sai su ce sannu da aiki. Amma aiki kam ba wasa. Da idona na ga wata tsohuwa, sa'ar kakata, tana kwaɓa siminti da shebur.

Kakana, mahaifin Inna, magini ne, sai dai ba wanda ya gayyace shi. Kwana huɗu yana zagaya ginin, hannu a baya, yana tsaki. Da bango ya kai ƙirji haƙurinsa ya ƙare. Ya je gaban shugabansu, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya ce wa tafinta, "Gaya masa ƙofarsa gabas take kallo."

Tafinta ya ce haka takarda ta nuna, don hasken safe ya shigo.

"Haske zai shigo, ruwa ma zai shigo. A nan hadari daga gabas yake tasowa. Ya zagaya gari ya duba ɗakunanmu."

Dattijon nan kuwa ya zagaya, ƙafa da ƙafa. Da ya dawo, ya ɗauki guduma ya fara fasa bangon yamma. Gyaran ya ci kwana biyu, shi ya sa ranar tafiyarsu rabin rufi kawai aka buga. Inna ta yi kuka, ni ma na ji haushin Kaka ƙwarai. Amma kafin dattijon ya shiga mota, ya danƙa wa Kaka gudumarsa da zarto da ragowar ƙusoshi. Kaka da mazan gari suka ƙarasa kwanon.

Naƙuda ta zo wa Inna da la'asar, ana ruwa da iska, rafi ya cika ya batse. Ruwa na dukan bangon gabas kamar ana jifa da tsakuwa. Muna tsugune a bakin ƙofa ta yamma, ko ɗigo bai taɓa mu ba, har muka ji kukan ƙanena.

Yanzu an yi gada, an yi kwalta, Kaka ya daɗe da rasuwa. Dattijon nan ko sunansa ban sani ba, ga ni kuma a ƙasarsa. Duk cocin da na wuce a hanyar Pleasant Garden sai na rage gudu, ina godiya a zuci.

Da na ba yarana labarin, babbar ta ɗaga kafaɗa, ta tambaye ni da Turanci wai ƙofa kawai suka juya?

Na ce, "Ƙofa kawai. Ɗauko waya ki gai da kawunki."